Aikin masai a ƙauyenmu: inda aka kwana

20 ga Nuwamba, 2023

Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda na yi alkawari zan riƙa rubuta yadda aikin nan yake tafiya, saboda 'yan garinmu da ke Kano da Abuja da Legas waɗanda suka sa kuɗinsu su san abin da ake ciki. Aikin dai shi ne kowane gida a ƙauyenmu ya samu masai, kuma a daina tsugunawa a bayan gari. Mu nan ƙasar Katagum muke, ba mu da nisa sosai da Azare, ƙasarmu rabi jigawa ce rabi fadama. Mun zaɓi yanzu ne saboda an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, mutane suna da ɗan sarari da ɗan abin hannu, ƙasa ma ta fara bushewa.

Abin da ya taso da mu ba ɓoyayye ba ne, duk wanda yake gari a daminar 2021 ya san abin da amai da gudawa ya yi mana, a shekarar nan mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi tana sahun gaba a jihohin da abin ya fi taɓawa. Mu ma mun kai yara makwanci, Allah ya jiƙansu. Ga maƙwabtanmu Jigawa tun Oktoban 2022 aka ayyana su a matsayin jihar farko da ta rabu da bahaya a fili, a nan cikin Bauchi ma Dass da Warji sun daɗe da samun wannan shaidar. To su ba da sihiri suka yi ba, rami suka tona. Jiya ne ma ranar banɗaki ta duniya, shi ya sa muka sa zaman farko jiyan a ƙofar gidan mai unguwa, aka kafa kwamiti, akwai mata a ciki don ba mu da ikon shiga gidajen kulle.

27 ga Nuwamba, 2023

Mun zaga gida gida, mu maza muna tsayawa a zaure matan kwamiti su shiga ciki su duba. Wajen rabin gidaje babu masai kwata-kwata, akwai dai makewayi na wanka da fitsari da aka kewaye da zana, shikenan. Wasu suna da shi amma ya cika ko ya rufta tun bara ba a sake wani ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gidajen da suke da masai lafiyayye kuma duk da haka rabin mutanen gidan a waje suke yi. Dalili kuwa masan yana can ƙuryar gida ɓangaren mata. Saurayin da ya balaga yana kwana a shagon ƙofar gida ba zai ratsa tsakar gida gaban matan babansa ko matar yayansa da buta a hannu ba, baƙo ma haka, almajiran da ke kwana a zaure ma haka, kai shi kansa maigidan wani lokacin ya fi son ya ɗau butarsa da asuba ya yi bayan gari. Yara ƙanana kuwa ba a ma lissafa su, duk inda ta kama su nan ne, a juji ko gindin katanga. Kenan in muka ce za mu ƙirga ramuka kawai mu ce mun gama wlh yaudarar kanmu za mu yi. Na faɗa wa kwamiti tun yanzu littafinmu ya zama yana da gurbi biyu, akwai masai, da kuma su wa ke shiga.

2 ga Disamba, 2023

Jiya Juma'a liman ya yi huɗuba a kan maganar, mun je mun same shi tun ranar Laraba, na ce Allah ya gafarta Malam mu in mun faɗa za a ce yara ne suka yi boko suka raina iyayensu, amma ku in kun faɗa a mumbari za a ji. Ya ce ai wannan ba sai an roƙe shi ba, karatu ne da ke cikin littafi. Ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa, wato yin bahaya a hanyar mutane da inuwar da suke zama, a wata ruwayar har da wurin da ake ɗiban ruwa. Masallaci ya yi tsit don kowa ya san gindin tsamiyar nan ta hanyar rijiya.

Da la'asar kuma muka yi taron gari. Wani ɗan garinmu da ya taɓa aikin tsafta da ma'aikatan ruwa da tsaftar karkara shi ya jagoranta, ya ce salon daga Bangaladash aka samo shi, wani mutum Kamal Kar ya fara shi wajen shekarar 2000, kuma dokarsa ita ce ba a raba wa kowa kuɗi ko siminti, mutane ne za su ga abin da idonsu su yanke wa kansu shawara. Aka zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya ɗora dutse a inda gidansa yake, sannan aka ba da toka aka ce kowa ya barbaɗa a inda mutanen gidansa suke zuwa. Da farko ana ta noƙewa, yara ne suka fara, kafin ka ce kwabo gari ya kewaye da toka ta ko'ina har bakin rijiya da bayan makarantar allo. Daga nan ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya tsinko gashi ɗaya ya taɓa kashin da aka ɗebo a bayan gari ya tsoma a ruwan, ruwa fes ba abin da ya canza a ido, ya miƙa ya ce wa zai sha. Babu wanda ya karɓa. Ya ce to ƙuda ƙafa shida gare shi kuma daga can yake tasowa ya sauka a kan tuwonku da bakin jaririnku. Wata dattijuwa ta rufe baki da gyale ta ce, ɗan nan kana nufin duk shekarun nan na juna muke ci? Bai ce mata komai ba, mutane da kansu suka amsa.

18 ga Disamba, 2023

An fara tono. Gayya muke yi unguwa unguwa, mai gida ya ba da kunu ko fura, samari su zo da diga da shebur. Gidajen zawarawa da tsofaffin da ba su da mai yi musu su muka sa a gaba.

Ƙa'idojin da muka tsayar ga su. Rami zagayayye za a yi ba mai kusurwa huɗu ba, don zagayayye ya fi jure ruftawa, faɗinsa kamar mita ɗaya. Tsakaninsa da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma ya kasance ta gangaren da ruwa ba zai bi ya nufi rijiyar ba. Ƙasan ramin kuma ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi kafin a kai ruwan ƙasa, wannan a jigawa ba matsala amma 'yan unguwar fadama sai mun yi dabara. Masu ilimin abin sun ce mutum ɗaya yana tara kamar lita 40 zuwa 60 a rami a shekara, da haka muke lissafa zurfi gwargwadon yawan mutanen gida. Sai maganar alƙibla, liman da kansa yake bi yana nuna yadda za a sa mazaunin, mai tsuguno ya fuskanci kudu ko arewa kada ya ba gabas gaba ko baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai masan da aka taɓa ginawa a garin nan aka ƙaurace masa gaba ɗaya saboda ya kalli gabas.

Manyan gidaje kuma mun roƙe su su yi biyu, ɗaya ciki ɗaya kusa da zaure. Wasu sun yarda wasu sun ce sai sun gani.

15 ga Janairu, 2024

Maginin garinmu ya fara zuba silab. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da 'yan rodi a ciki, ramin tsakiya ɗan ƙarami yadda ƙafar yaro ba za ta wuce ba, da wurin ɗora ƙafa. Matsalar hunturu ita ce iska tana busar da shi da wuri ya tsage, dole a rufe shi da buhu ko ciyawa a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, mutane kuma gaggawa suke kowa so yake a ba shi nasa washegari. An samu biyu da suka fashe wajen ɗauka don masu su sun matsa.

24 ga Fabrairu, 2024

Siminti ya yi tashin gwauron zabo, a watan nan buhu ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa, kuɗin da muka tara ba zai kai ko'ina ba. Mun zauna mun yanke cewa aiki ba zai tsaya jiran siminti ba. Wanda ba shi da hali ya shimfiɗa azara ko itacen giginya a bakin ramin, a jera kara a kai, a daɓe da laka mai kyau a goge, a yi murfi na katako mai mariƙi, kewaye kuma zana ko darni ya isa. Iyayenmu da haka suka yi nasu. Gara ce kawai abokiyar gaba, shi ya sa muke cewa a nemi giginya ko wani icce mai tauri kuma a riƙa dubawa.

Matan kwamiti sun kafa adashi na masai, duk wadda ta ɗauka silab za ta saya ko wannan mazaunin roba da ake kira SATO, mun samo samfur daga Azare. Abin yana da wani marfi a ƙasa da yake buɗewa in nauyi ya sauka a kai ko an zuba ruwa kaɗan, sai ya koma ya rufe da kansa, ƙuda ba ya shiga ba ya fita wari ma ya ragu sosai. Mata sun fi maza son shi nesa ba kusa ba, kuma ni ina ganin su ya kamata a fi saurara don su ne suke yini da masan a gida.

22 ga Maris, 2024

Azumi ya sa tono ya tsaya, ba mai iya riƙe diga a wannan zafin da ƙishirwa. Sai muka mayar da hankali kan yara, kuma nan ne aikin yake da wuya fiye da yadda ake zato.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka kashin jariri ba komai ba ne tunda nono kawai yake sha, sai a kwashe da kara ko tsumma a wurga bayan ɗaki, kaji su bi ta kai, a wanke masa a tsakar gida kusa da inda ake wanke-wanke, uwar ta goge hannu a zani ta koma kan tuƙin tuwo. Alhali kashin yaro ma yana ɗauke da cuta, kuma yaran ne suka fi yin gudawa, su ne kuma suke rarrafe a wurin suna kai hannu baki. Ungozomar garinmu da ke cikin kwamiti ita ta ɗauki wannan ɓangaren, tana bi gidan suna da gidan biki tana faɗa, a sayi fo, in yaro ya yi a juye a masai a wanke fon, ruwan wankin ma a masai za a zuba, sannan a wanke hannu da sabulu, in babu da toka.

Na raka ta wani gida na tsaya a zaure ina jin su. Matar gidan ta ce Inna ni fa ba ƙi na yi ba, yaron ne in na kai shi bakin ramin sai ya ƙanƙame ni yana ihu, duhu yake gani a ciki. Inna ta ce to 'yata ai ba a fara wa yaro da rami, ki ba shi fo tukuna, in ya kai shekara huɗu biyar ki riƙa shiga da shi da rana ƙofa a buɗe kina riƙe da hannunsa, kuma ki daina ce masa dodo na ciki in ya yi miki rashin ji. Matar ta yi dariya ta ce wallahi kakarsa ce take faɗa masa haka. Wannan magana ta dodo da aljanu a masai mun ji ta a gidaje da yawa, manya ma akwai masu tsoron shiga da dare, liman ya ce addu'ar shiga banɗaki ai don haka aka koyar da ita, a koya wa yara ita maimakon a tsorata su.

20 ga Afrilu, 2024

An yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Wannan satin muka yi zagayen duba amfani, ba zagayen ƙirga rami ba. Ba ma tambayar mai gida ko ana shiga don kowa zai ce eh. Hanyar zuwa masan muke kallo, in ana bi za ka ga ta daɓe ƙasa ta yi sumul, sai mu duba ko akwai danshi a bakin ramin, ko akwai buta da toka a gefe, ko murfin yana kai. Wani gida mun tarar da silab sabo fil, an yi kewaye mai kyau har da ƙofar langa-langa, da aka ɗaga murfi sai ga yanar gizo-gizo ta rufe bakin ramin ruf, a lungu kuma an jingina buhunan ƙaiƙayi. Tun da aka gina ba wanda ya taɓa tsugunawa.

Da muka zauna da maigidan a hankali ya ce, 'ya'yana ku ba za ku gane ba, matar ɗana tana gidan nan, ta yaya zan shiga inda take shiga, ko in fito mu yi kiciɓis, ai gara in tafi daji. Ita ma surukar tasa ashe kunyarsa ce ta hana ta, kowa ya bar wa kowa. Ni ban ga laifinsa ba kuma ba na cikin masu cewa a yar da kunya don an zo da tsafta, kunyar surukai tarbiyyarmu ce. Abin da muka ce shi ne Baba a tona maka naka ta bayan turakarka da ƙofarsa daban, samari za su yi maka kyauta. Ya ce in haka ne ya yarda. Gidaje irin wannan sun kai biyar ko shida.

Sai ƙorafin mata na biyu, wai tururin da ke tasowa daga ramin yana sa musu ciwon sanyi, shi ya sa wasu suke yi a fo ko a leda su zubar. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa rigakafi ta yi musu bayani cewa tururi ba ya sa wannan ciwon, amma gaskiya masan da yake wari yana huci da zafin bazara ba mai son ya tsuguna a kai ko me za ka faɗa masa. Don haka maganin shi ne a gyara masan. A riƙa zuba toka bayan an gama, a rufe murfi, a share, wanda yake da hali ya sa bututun iska. Shi bututun, fayif ne mai faɗin inci 4 da ake kafawa daga ramin ya wuce saman rufin da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga, iska tana zuƙe warin ta sama, ƙudan da ke ciki kuma yana bin haske ya hau ya maƙale a ragar ya mutu. A Zimbabuwe aka ƙirƙiro wannan tsarin a shekarun 1970. Sai dai shi yana son ɗaki mai rufi da ɗan duhu, kuma ba a toshe bakin ramin don iska ta samu hanyar shiga, to kada a haɗa shi da dokar murfi a rikice.

25 ga Mayu, 2024

Gidajen da ba su da masai yanzu ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu. Mai unguwa ya sa an yi shela cewa daga sallar layya duk babban da aka kama a gindin tsamiya ko bakin rijiya zai biya tara. Na so a ɗan jinkirta har a gama na kasuwa da na masallaci, don ba adalci ba ne ka hana mutum waje alhali ba ka ba shi ciki ba, na faɗa masa haka na ce ranka ya daɗe baƙon da ya zo cin kasuwa ina zai je. Ya ce a fara da 'yan gari tukuna.

Mun kafa abin wanke hannu a wasu gidaje, galan ne ake hudawa a rataye a icce a ɗaura igiya da sanda a ƙasa, ka taka ruwa ya zubo ba sai ka taɓa da hannu ba. Yara sun mayar da shi abin wasa suna ƙarar da ruwan amma ko ba komai suna wanke hannun.

6 ga Yuli, 2024

Ruwa ya sauka sosai kuma abin da muke tsoro ya faru, ramuka sun rufta a unguwar jigawa, alhamdu lillahi ba wanda ya faɗa ciki, ɗaya da dare ya tafi gaba ɗaya da zanarsa. Ƙasar yashi ce in ta sha ruwa sai ta zube daga sama. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka ɗaure bakinsu da bulo ko aka jera tsofaffin tayoyin mota ko aka zura ganga da aka fasa gindinta, da kuma waɗanda aka yi wa tudu a kewaye yadda ruwan sama ba ya gangarawa ciki. Daga yau duk ramin da za a tona a jigawa sai an ɗaure aƙalla mita ɗaya na sama, in an yi ginin har ƙasa kuma a bar 'yan ƙofofi tsakanin bulo don ruwa ya riƙa tsotsewa.

Abin da ya fi damuna ba ruftawar ba ce, mutanen da nasu ya rufta washegari suka koma daji, wasu har da cewa dama mun faɗa. Mun roƙi maƙwabta su ba su aron nasu kafin a gyara, mata sun yarda a tsakaninsu, maza kam da ƙyar.

Ga kuma gona. Yanzu kowa daga safe har la'asar yana gona, ba wanda zai dawo gida don wannan. Abin da muke faɗa shi ne ka yi nesa da rafi da hanya, ka sara rami da fartanyarka ka yi ka binne. Ba ƙuda kawai ake gudu ba, tsutsar ciki irin mai shan jini daga ƙasar da aka ɓata take shiga ta fatar ƙafa, mu kuma rabin manomanmu ba takalmi suke noma.

18 ga Agusta, 2024

Unguwar fadama ruwa ya taso, wasu ramukan sun cika da ruwa har baki suna neman ambaliya cikin gida. Wannan ya fi bahaya a fili haɗari in ba a yi hankali ba don kai tsaye yake haɗuwa da ruwan rijiya. Mun hana shan rijiyoyi biyu na unguwar, ana zuwa famfon burtsatse duk da nisa, wanda ba zai iya ba ya tafasa. Magini ya gwada wani a gidan da ke ɗan tudu, rami gajere sai a ɗaga ginin sama da bulo a cike gefe da ƙasa a yi matakala, ya tsaya lafiya har yanzu, bayan damina shi za mu yi wa duk unguwar in kuɗi ya samu. Tsofaffi dai sun ce hawan yana musu wuya, za a sa musu icce na dafawa, akwai ma wani makaho da muka ɗaura wa igiya daga ƙofar ɗakinsa har masai.

An samu yara da gudawa amma ba irin ta 2021 ba, ba zan ce aikinmu ne ya hana ba don shekara ɗaya ba ta isa a yi wannan iƙirarin. Ungozoma tana ta koya wa iyaye haɗin ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in akwai na leda da ake samu a asibiti ya fi, a ci gaba da ba da nono, in yaro ya fara galabaita ko ido ya zurma a tafi asibiti kada a jira gari ya waye.

5 ga Oktoba, 2024

Ruwa ya fara ja baya. Inda muke yanzu, mafi yawan gidaje suna da masai kuma a zagayen da muka yi makon jiya mafi yawansu ana shiga, gindin tsamiya ya tsarkaka har mata suna shanya kuɓewa a wurin. Na jigawa da suka rufta an gyara fiye da rabi, sauran suna jiran a sayar da wake da riɗi. Dattijon nan an tona masa nasa kuma hanyar ta daɓe.

Inda ba mu taɓuka komai ba shi ne tsangaya da kasuwa. Almajirai suna da yawa kuma masai ɗaya ne a gidan malam, ba laifin yaran ba ne in an gan su a bayan gari, mun yi magana da malam ya ba da fili, muna neman kuɗin mai ƙofa uku. Na kasuwa kuma sai an samu wanda zai riƙa kula da shi ana biyansa ɗan wani abu, in ba haka ba wata ɗaya ya isa ya zama abin da ba mai iya shiga. Fulanin rugar da ke gabas da mu ma ardonsu ya aiko yana son a je a yi musu irin taron da muka yi, rijiya ɗaya muke sha da su da rani, za mu je bayan an gama yankan gero da wanda yake jin Fulatanci sosai.

Gwamnatin tarayya a Nuwamban 2019 ta sa 2025 a matsayin shekarar da za a daina bahaya a fili a ƙasa baki ɗaya, binciken 2021 kuma ya nuna mutum kusan miliyan 48 ne suke yi. Wasu a kwamiti suna son mu rubuta wa ƙaramar hukuma yanzu a zo a duba mu a ba mu shaida, ni na ce a bari sai an gama na tsangaya da na fadama kuma mun ga sun wuce damina ɗaya, an amince da haka. Masu son taimakawa, abin da ake buƙata yanzu bulo ne da tsofaffin tayoyi da siminti ko buhu ɗaya ne, gayyar fadama za a fara ta farkon Nuwamba in Allah ya kai mu.